Idan guba ta shiga jikin ɓera amma ATP na zuciyarsa bai ragu ba, me za a ce ya faru?

Ɗalibar Bincike ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu nazarin wannan fanni. Ina tsara wani bincike ne a kan yadda sinadarin arsenik da ake samu a ruwan sha yake shafar zuciyar manyan ɓerayen ɗakin gwaji (jinsin da ake kira rat a Turance), kuma abin da ya fi damuna shi ne halin da hanyoyin samar da kuzari a tsokar zuciya suke shiga idan dabba ta ɗauki makonni tana shan wannan guba kaɗan-kaɗan. Da na duƙufa karanta abin da aka riga aka wallafa, sai na tarar bakin masu bincike bai zo ɗaya ba. Wasu sun auna sinadarin ATP, wanda shi ne kuzarin da tsoka take kashewa wajen motsi, suka ga bai ragu ba, amma duk da haka suka yanke hukuncin cewa zuciyar ta illata. Wasu kuwa ba su auna shi ba sam, sun dogara ne da raguwar aikin ƙwayoyin gado masu kula da ƙona kitse. Akwai kuma waɗanda suka ciro mitokondiriya, wato ƙananan sassan cikin ƙwayar tsoka masu haɗa ATP, daga tsokar, suka auna yawan iskar oksijin da take sha a cikin na'ura.

Abin da nake roƙon a fahimtar da ni shi ne, ta wace ƙofa irin waɗannan sinadarai suke bi su lalata aikin samar da kuzari a zuciya, kuma idan ATP bai ragu ba, da wace hujja mutum zai ce guba ta yi aiki? Ina so in zaɓi awon da zan iya tsayawa a kansa a gaban masu duba aikina, domin dabbobin da za a yi amfani da su rayuka ne, kuma ba na son a salwantar da su a kan awon da ba zai amsa tambayar ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyyar Jiki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Kin yi tambaya a inda gizo ke saƙa, kuma amsarta tana farawa ne daga sanin cewa zuciya ba ta da ajiyar kuzari ta a zo a gani. Zuciyar mutum, wadda nauyinta bai wuce giram 300 ko makamancin haka ba, tana haɗa ATP ta kashe shi har kimanin kilogiram 6 a rana, alhali abin da ke cikinta a kowane lokaci, da za a tsayar da samar da sabo, ba zai kai ta fiye da daƙiƙa 10 ba. Shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kowace ƙwayar tsokar zuciya mitokondiriya ce, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kuzarin daga wurinta yake fitowa ta hanyar amfani da oksijin. Kashi 60 zuwa 70 na wannan kuzari yana tafiya ne wajen matsewar tsoka, saura kuma wajen mayar da sinadarin kalsiyam da sodiyam inda suka fito bayan kowane bugu.

Saboda haka awon ATP a tsoka kamar leƙa randar da ake zuba mata ruwa ana ɗiba a lokaci guda ne: kin ga inda ruwan ya tsaya, amma ba ki san yawan wanda ke shiga da wanda ke fita ba. Zuciya tana kare wannan mataki da duk abin da take da shi. Hanyarta ta farko ita ce fosfokiriyatin, wani sinadari da ke riƙe da kuzari na wucin gadi, wanda inzayim ɗin kiriyatin kainas (inzayim furotin ne mai gaggauta aikin sinadarai a jiki) yake karɓar fosfet daga wurinsa ya sake haɗa ATP nan take. Don haka fosfokiriyatin ne yake fara faɗuwa, ATP kuwa sai daga baya. A lafiyayyar zuciya fosfokiriyatin ya kusan ninka ATP sau biyu, kuma a shekarar 1997 Stefan Neubauer da abokan aikinsa sun nuna cewa raguwar wannan kason a marasa lafiya masu kumburin zuciya tana hasashen yawan mace-mace. Hanya ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce zuciya ta rage aikin da take yi domin ya daidaita da abin da take samu. Ko a zuciyar da ta kai matakin ƙarshe na gazawa, ATP bai cika raguwa fiye da kimanin kashi 30 cikin 100 ba. Wanda yake jiran ya ga ATP ya faɗi kafin ya ce an yi ɓarna, ya makara.

Game da ƙofofin da guba take bi, naki sinadarin yana cikin waɗanda aka fi sanin aikinsu. Nau'in arsenik da ake kira arsenait yana manne wa wani ɗan sinadari mai suna laifowik asid, wanda yake da ƙwayoyin salfa guda biyu a kusa da juna, kuma inzayim biyu masu muhimmanci ba sa aiki sai da shi. Na farko shi ne wanda yake shigar da fairubet, wato abin da ya rage bayan an fasa gulukos, cikin mitokondiriya. Idan ya tsaya, fairubet ya koma laktet. Na biyun yana tsakiyar zagayen Krebs ne, wato jerin matakan da ake bi a cikin mitokondiriya wajen fitar da kuzari daga abinci, kuma tsayawarsa ta fi muni, domin ta wannan zagaye kitse da gulukos duka suke bi. Ɗayan nau'in, arsenet, ya yi kama da fosfet sosai, har inzayim kan ɗauke shi bisa kuskure ya haɗa abin da ke wargajewa nan da nan ba tare da an samu ATP ba.

Wasu gubobin kuma can gaba suke tare hanya, a jerin tashoshin furotin huɗu da ke jikin tantanin ciki na mitokondiriya. Rotinon yana toshe tasha ta ɗaya. Sayanaid, da iskar kabon monoksaid, da haidirojin salfaid, da fosfin mai fitowa daga maganin feshin hatsi, duk suna taɓa tasha ta huɗu, inda ake miƙa ilektiron ga oksijin. Akwai kuma wani salo dabam da ya kamata ki riƙe, domin yana rikita masu awon numfashin mitokondiriya. Tun 1961 Peter Mitchell ya bayyana cewa tashoshin nan suna tura ƙwayoyin haidirojin ne zuwa ɗaya gefen tantanin, kuma dawowarsu ta cikin injin haɗa ATP ita ce take samar da kuzari, bayanin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1978. Sinadari irin dainaitirofinol yana sa waɗannan ƙwayoyi su zurare ta jikin tantanin ba tare da sun bi ta injin ba, sai shan oksijin ya ƙaru, kuzarin kuma ya tafi a zafi. Ma'ana, mitokondiriyar da ke shan oksijin da yawa ba lallai ne ta zama lafiyayya ba.

A irin gwajinki na ƙaramin adadi cikin dogon lokaci, ban sa ran ki ga an toshe wata tasha gaba ɗaya ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ilektiron ya riƙa zubewa daga tasha ta ɗaya da ta uku, ya haɗu da oksijin ya zama sinadarai masu cin duk abin da suka taɓa, su lalata kadiyolifin, wani nau'in kitse da tashoshin suke zaune a cikinsa, su kuma taɓa ƙwayoyin gadon mitokondiriya. Zuciya tana da ƙarancin inzayim ɗin katalas, mai kawar da wasu daga cikin waɗannan sinadarai, idan aka kwatanta ta da hanta, shi ya sa wannan ɓarna ta fi kama ta.

Maganar ƙwayoyin gadon ƙona kitse kuwa, ina ganin an fi ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Zuciyar baligi tana samun mafi yawan kuzarinta daga kitse, saura daga gulukos da laktet da kiton, kuma tana sauyawa tsakaninsu gwargwadon abin da jini ya kawo, kamar yadda Philip Randle ya bayyana a 1963. Zuciyar da ke cikin matsi takan karkata zuwa gulukos, irin yadda take yi tun tana cikin mahaifa, domin kitse yana buƙatar ƙarin oksijin na kimanin kashi 10 cikin 100 kafin ya ba da ATP daidai da na gulukos. To wannan karkata illa ce, ko dabarar tsira ce? Awon ƙwayar gado ba zai faɗa miki ba, kuma ba zai faɗa miki yawan kitsen da ake ƙonawa a zahiri ba. Shawarata ita ce ki sa zuciyar aiki mai nauyi sannan ki auna. Ko dai ki ba dabbar dobutamin, maganin da ke sa zuciya ta ƙara ƙarfin bugu, kina kallon zuciyar a na'urar hoto, ko ki ciro zuciyar ki rataya ta bisa tsarin da Oskar Langendorff ya fito da shi a 1895, wanda Neely da Morgan suka inganta a 1967 yadda zuciyar za ta riƙa harba ruwan da kanta. Abin da guba take fara cinyewa shi ne rarar ƙarfin da zuciya take ajiyewa don lokacin buƙata, kuma ba a ganin rashinsa a dabbar da ke kwance tana hutawa. Idan za ki bi hanyar rataya zuciya, ki sa falmitet, wani nau'in kitse, a ruwan, domin ruwan Krebs da Henseleit na asali da aka ƙara wa gulukos kaɗai yana tilasta wa zuciyar cin abin da ba shi ne babban abincinta ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Malam ya yi bayanin da ba ni da abin ƙarawa a kansa ta fuskar ilimi. Ni ta fuskar aikin hannu zan yi magana, domin yawancin saɓanin da Malama ta gani a rahotanni, a ganina, daga teburin gwaji yake tasowa tun kafin a zo ga guba.

Fosfokiriyatin da Malam ya ambata yana fara zubewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan da zarar jini ya daina isa zuciya. Wanda ya yanko zuciya, ya wanke ta, ya ɗora a sikeli, ya rubuta nauyi, sannan ya jefa ta cikin ruwan naitirojin, abin da zai auna daga baya shi ne saurin hannunsa. Maganin wannan shi ne matsen Wollenberger, wani awartaki mai faffaɗan baki na ƙarfen alminiyam da ake tsomawa a ruwan naitirojin har ya daina tafasa. Ana buɗe ƙirjin dabbar tana kan na'urar numfashi, mutum ɗaya ya ɗaga zuciyar, na biyu ya matse ta tana cikin bugawa. Za ki ji ƙara kamar an taka busasshen abu, ki buɗe ki ga zuciyar ta zama siririn faifai mai farin ƙanƙara a gefe. Daga nan ba a barin ta narke ko sau ɗaya: a cikin naitirojin ake daka ta, garin kuma ya faɗa kai tsaye cikin asid mai sanyi. Duk rahoton da bai faɗi yadda ya daskarar da tsoka ba, ni ba na ɗaukar alƙalumansa na ATP da muhimmanci.

Sai maganin sa barci. Aisofuluren da aka fi amfani da shi yana rage aikin tasha ta ɗaya da kansa, haɗin ketamin da zailazin kuma yana sauke bugun zuciya ƙasa sosai. Ba za a iya aiki babu su ba, amma dole ne kowane rukuni ya samu adadi ɗaya na tsawon lokaci ɗaya, a rubuta bugun zuciya da zafin jiki a lokacin awo.

Babban abin da nake jan hankalin Malama a kansa shi ne ci da sha. Idan aka zuba guba mai yawa a ruwa, dabba takan rage sha, wadda ta rage sha kuma takan rage ci. Yunwa kaɗai tana ƙara kitsen da ke yawo a jini, tana sauya ƙwayoyin gadon da ake magana a kansu, tana kuma rage girman zuciya. Idan rukunin kwatance yana cin yadda ya ga dama, rukunin guba kuma yana ramewa, ba a san wanne aka auna ba tsakanin guba da yunwa. Shi ya sa ake ƙara rukuni na uku da ba a ba shi guba, amma ana auna masa abinci daidai da abin da rukunin guba ya ci jiya. Aiki ne mai gajiyarwa, domin kullum sai an auna ragowar abinci da ruwa, amma rashinsa ya rushe bincike da yawa a kan gubar dayoksin, wadda sananniyar alamarta ita ce ramewa. Abincin ɓerayen ma a duba shi, domin wanda aka saba saye yakan ƙunshi ɗan arsenik daga kayan haɗinsa, kuma a gwajin ƙaramin adadi wannan ya isa ya ɓata lissafi. Haka nan idan ɓeraye huɗu suna shan kwalba ɗaya a keji ɗaya, a wajen ƙididdiga kejin ne ɗaya, ba dabbobi huɗu masu zaman kansu ba.

Ga wanda zai yi aiki da ƙananan ɓeraye (jinsin da ake kira mouse a Turance), akwai tarko a cikin jinsin kansa. Jinsin C57BL/6J yana da naƙasa a ƙwayar gadon Nnt, wadda take taimaka wa mitokondiriya wajen kare kanta daga sinadaran nan masu ci, alhali ɗan'uwansa C57BL/6N ba shi da wannan naƙasa. A 2015 an nuna cewa idan aka ɗora wa zukatansu matsin jini iri ɗaya, martaninsu ya sha bamban, har mai naƙasar ya fi jurewa. Rahotanni da dama suna rubuta C57BL/6 kawai su yi shiru. Zafin ɗaki ma yana da tasiri: ƙaramin ɓera ya fi samun natsuwa a kusan digiri 30 na ma'aunin Salshiyos, amma ana ajiye shi a 20 zuwa 22, inda zuciyarsa ke bugawa kusan sau 600 a minti, alhali a ɗumi takan sauko ƙasa da 400.

Mitokondiriyar da aka ciro kuwa, a tuna cewa wajen niƙa tsoka da juya ta a na'ura, masu rauni ne suke fashewa su bi ruwa, masu ƙarfi su rage a ƙasan kwalba. Mai awo zai iya samun kyakkyawan sakamako daga zuciyar da ta lalace. Na fi natsuwa da siraran zaren tsoka da aka huda tantaninsu da safonin, domin kowace mitokondiriya tana nan inda take, sannan a auna inzayim ɗin sitiret sintas domin a san ko yawanta ne ya ragu ko ingancinta. Ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton binciken dabbobi da aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020 sun jera yawancin abubuwan da ya kamata a bayyana, kuma gara a karanta su tun ana tsara aiki.

Ɗalibar Bincike ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, kuma na gode wa ɗan'uwa da ya yi bayanin aikin hannu. Zan sa rukunin da ake auna wa abinci, zan kuma mayar da hankali ga fosfokiriyatin da gwajin dobutamin. Abin da ya rage mini shi ne adadi. Na yi niyyar sa miligiram 50 na arsenik a kowace litar ruwa, domin na ga ana yawan amfani da makamancin haka. Shin sakamakon da zan samu a wannan adadi yana da abin da zai faɗa game da mutanen da ke shan gurɓataccen ruwa, kuma babban ɓera shi ne dabbar da ta dace?

Likitar Zuciya ta rubuta:

'Yar'uwa, bari mu yi lissafin tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar arsenik a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin lita, don haka miligiram 50 ya ninka wannan iyaka sau 5,000. Babban ɓera yana shan kimanin mililita 100 na ruwa a kan kowane kilogiram na nauyinsa a rana, ke nan zai sha miligiram 5 a kan kilogiram. Jagorar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ta ce a raba adadin babban ɓera da 6.2, na ƙarami da 12.3, domin a samu kwatankwacinsa a mutum. Naki ya zama kusan miligiram 0.8 a kan kilogiram. Mutum mai kilogiram 60 da ke shan lita 2 a kan iyakar hukumar yana samun kusan maikirogiram 0.33 ne a kan kilogiram. Tazarar ta haura ninki 2,000. Ko rijiyoyin burtsatse na Bangladesh, inda aka samu ɗaruruwan maikirogiram a lita, wasu har sama da 1,000, ba su kusanci adadinki ba.

Sannan babban ɓera yana da wata ɗabi'a da ta keɓanta da shi game da arsenik. Bayan hanta ta sarrafa gubar, himogulobin ɗinsa yana riƙe ta a cikin jajayen ƙwayoyin jini na dogon lokaci, abin da ba ya faruwa haka a mutum. Ƙaramin ɓera kuma yana sarrafa ta ya fitar da sauri fiye da mu. Kowannensu da matsalarsa, kuma mafita ita ce ki auna arsenik ɗin da ya isa tsokar zuciya da wanda ke fita a fitsari, kada ki tsaya ga abin da kika zuba a kwalba. Irin wannan bambanci ba baƙon abu ba ne: adadin dayoksin da ke kashe ɓeran Masar yana kusa da maikirogiram 1 a kan kilogiram, amma hamsta, wata ƙaramar dabba dangin ɓera, tana buƙatar fiye da ninki 1,000 na hakan. Zuciyoyin ma ba ɗaya ba ne, domin babban ɓera yana bugawa sau 300 zuwa 400 a minti, kuma nau'in furotin ɗin mayosin da ya fi yawa a zuciyarsa mai sauri ne mai cin ATP da yawa, namu kuwa mai tafiya a hankali ne.

Duk da haka ba na cikin masu cewa gwajin dabba ba shi da amfani ga marar lafiya, kuma misalai biyu ne suka hana ni. A 1965 zuwa 1966 a birnin Kebek na Kanada, kusan mutum 50 masu yawan shan giya suka kamu da gazawar zuciya mai tsanani, 20 suka mutu, aka kuma ga irin haka a Omaha da Minneapolis na Amurka da Luben ta Beljiyam. An gano cewa gishirin kobalt ne da aka ƙara wa giyar domin kumfarta ya daɗe, kuma da aka daina sa shi cutar ta ɓace. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne kobalt ɗin da mutanen suka sha bai kai wanda ake bai wa masu ƙarancin jini a wancan zamani ba. Gwajin ɓeraye ne ya taimaka aka gane dalili: kobalt yana kama laifowik asid ɗin nan da Malam ya ambata, kuma dabbar da abincinta ba shi da isasshen furotin ta fi illata nesa ba kusa ba. Gubar ta tarar da zukatan da barasa da rashin abinci mai gina jiki suka riga suka raunana. Lafiyayyun samarin ɓeraye masu cin abinci mai kyau su ne suka fi kowa jure guba, alhali mutanen da muke gani a asibiti suna zuwa ne da hawan jini ko ciwon suga ko tsufa.

Misali na biyu shi ne doksorubisin, maganin ciwon daji da muke bayarwa muna sane da cewa yana taruwa ya illata zuciya. Nazarin da Swain da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya nuna gazawar zuciya a kashi 5 cikin 100 na marasa lafiya idan jimillar maganin ta kai miligiram 400 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki, kashi 26 a 550, kashi 48 a 700. An daɗe da sanin cewa yana manne wa kadiyolifin yana kuma karɓar ilektiron a tasha ta ɗaya, amma a 2012 aka cire ƙwayar gadon tofo'aisomeras 2 beta daga zuciyar ƙananan ɓeraye, sai ga shi mitokondiriyarsu ta tsira, zuciyar ma ta tsira. Wannan ba abin da za a iya gwadawa a mutum ba ne. A nan ma adadi ya raba masu bincike: allura ɗaya ta miligiram 15 zuwa 20 a kan kilogiram tana sa ɓera ramewa da mutuwa cikin kwanaki, wanda bai yi kama da abin da muke gani ba, amma miligiram 5 duk mako na tsawon makonni huɗu ko biyar ya fi kusa da shi.

Abu ɗaya kuma game da arsenik: ta fuskar zuciya, mafi ƙarfin shaidar da ake da ita a mutane ta shafi jijiyoyin jini ne, irin cutar baƙar ƙafa da aka gani a kudu maso yammacin Taiwan da toshewar jijiyoyin zuciya. Idan ƙananan jijiyoyin ɓerayenki suka lalace, kuzarin zuciya zai sauya ko da gubar ba ta taɓa mitokondiriya kai tsaye ba, tun da zuciya tana zuƙe kusan kashi 70 cikin 100 na oksijin ɗin jinin da ke ratsa ta ko tana hutawa, kuma ba ta da hanyar samun ƙari sai jinin ya ƙaru.

Malamin Kimiyyar Jiki ya sake rubutawa:

Na yarda da lissafin Dakta, sai dai ba zan so Malama ta yar da babban adadin gaba ɗaya ba. Idan ta yi gwaji da ƙaramin adadi kaɗai ba ta ga komai ba, ba za ta san ko gubar ce ba ta yi illa ba ko kayan awonta ne ba su iya gani. Babban adadi yana tabbatar da cewa awon yana aiki, matuƙar ba a kafa hujja da shi a kan ruwan da mutane ke sha ba. Ni zan sa matakai uku: ɗaya a ɗaruruwan maikirogiram a lita, kusa da abin da ake samu a gurɓatattun rijiyoyi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama amma ƙasa da inda dabba take fara ƙin ruwa. Gara a rage yawan abubuwan da za a auna da a rage matakan adadi.

A sa maza da mata duka. A 2016 ne cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar Amurka suka wajabta wa masu neman tallafinsu la'akari da wannan, kuma akwai dalili: sinadarin PFOA, wanda masana'antu ke amfani da shi, yana barin jikin macen babban ɓera cikin sa'o'i, namiji kuwa sai ya ɗauki kwanaki, mutum kuma shekaru.

Damuwarki game da rayukan dabbobi tana kan hanya, kuma tun 1959 Russell da Burch suka kafa ƙa'idar maye gurbin dabba inda zai yiwu, da rage yawanta, da sauƙaƙa mata wahala. Za ki iya fara tantance adadi a ƙwayoyin tsokar zuciya da aka raina a faranti, amma ki sani cewa idan ruwan rainon yana cike da gulukos, suna rayuwa ne ta hanyar fasa shi ba tare da dogaro da mitokondiriya ba, sai guba ta wuce ba a gani ba. Ana maye gurbin gulukos da galaktos ko a ƙara kitse domin a tilasta musu yin numfashi. A dabbobin kuma ki tsara yadda kowace za ta amsa tambaya fiye da ɗaya: hoton zuciya kafin a fara da kuma a ƙarshe, tana hutawa da bayan dobutamin, jini da fitsari don arsenik da laktet da kitse. A ranar ƙarshe ki raba kowane rukuni biyu, domin zuciyar da aka matse da awartaki ba za ta ba da zaren tsoka mai rai ba: rabi don ATP da fosfokiriyatin da awon arsenik a tsoka, rabi don numfashin mitokondiriya da duban ƙananan jijiyoyin da Dakta ta ambata. Mai yin awon kuma kada ya san rukunin da kowace dabba ta fito sai an gama rubuta alƙaluma.